Awon Ranar Juma'a

Cikina yana wata bakwai Goggo Yalwa, yayar surukina, ta zo mana kwana biyu. Na farko ne, kuma kunya ta hana ni tanadin komai. Ko tsumma ban yaga ba, gani nake duk wanda ya gan ni da shi ya san abin da nake jira. Goggo ta leƙa ɗakina, ta duba bayan gado. Sai da muka zauna ɓarar gyaɗa da hantsi ta ce, "Amaryarmu, matso in ba ki wani misali."

Ta ce an yi wani manomi mai taɓa farauta, yana da tsohuwar bindigar toka da ya gada wurin ubansa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, harbi ɗaya sai an sake ɗuri. A ƙahon bijimi yake zuba albarushinsa, tafin hannunsa kuma shi ne mudunsa. Matarsa ba mai yawan magana ba ce, amma tana da ido. Ta lura ranar da ransa yake a kwance awonsa daidai yake fita, ranar da yake sauri ko fushi kuwa sai ya cika hannu, ya dawo da kafaɗa a kumbure tana gasa masa. Ta kuma san wani maƙwabcinsu da irin wannan cikawar ta fasa masa bindiga, ta tafi da yatsu uku. Ita dai ba ta isa ta taɓa bindigar ko burgaminsa, jakar fatar da yake zuba kayan harbi, ba, don maharba sun ce hannun mace yana karya asiri. Sai wata Juma'a, ya ci ya ƙoshi yana ta raha, ta roƙe shi ya nuna mata yadda yake awo. Ya zuba a tafinsa yana dariya, ta tara murfin wata kwalbar turare, ya juye mata, ya cika murfin cif. Ta ɗaura wannan murfi a bakin zanenta. Daga ranar, in ta gama aikin gida, sai ta yanka takardar buhun siminti, don ba ta yarda da takarda mai rubutu ba, kada a dace da sunan Allah a ciki. Ta naɗa ta a jikin guntun kara, ta zare karan, ta zuba albarushi murfi ɗaya, ta sa dalma, ta ɗaure da zare, ta shafe da kakin zuma. Mijin ya ce mata tallar daddawa za ta fara ne da waɗannan ƙulle-ƙulle? Ta yi murmushi kawai. Duk rigar da ta wanke masa, sai ta jefa uku a aljihu, tunda riga dai ba ta cikin asiri.

Damina ta yi nisa, wani gadu, aladen dawan nan mai haure, ya addabi gonarsa ta rogo, abincin gidan na shekara. Wata safiya ana yayyafi suka yi kiciɓis. Ya harba, bai same shi a makasa ba, ƙafar baya ya karya. Gadu ya yi gurnani ya juyo kansa, yana jan ƙafa yana tahowa. Mutumin ya faɗa bayan wani suri, ya fizgo ƙaho ya karkata, sai ga albarushi ya sha danshi ya dunƙule, ya ƙi fita. Ko da ya fita ma, a wannan firgici ba zai iya auna shi daidai ba. Yana laluben aljihu yana salati, yatsunsa suka ci karo da daddawar da ya yi wa dariya. Ya gatsa bakin ƙullin da haƙori, ya juye a bindiga, busasshe ƙalau, ya danna takardar a kai, ya sake harbi. Gadun bai fi taku biyar da shi ba ya faɗi. Kafaɗarsa ko motsi ba ta yi ba, don awon da ya fita ba na mai tsoro ba ne, nasa ne na ranar Juma'a da matar ta adana masa. Da ya dawo gida bai ba da labari ba, sai guntun takarda da ta gani manne a gemunsa. Ranar kasuwa ya shigo da curin kakin zuma da sabon zare, ya ajiye a ƙofar ɗakinta, ya ce, "Allah ya saka miki," ya wuce.

Goggo ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta. Ni kuwa kaina na ƙasa. A makon nan na yayyaga tsofaffin zannuwana na wanke, na aika aka sayo mini reza da zare da sabulu, na ƙulle a ƙarƙashin gado. Naƙuda ta zo mini da saura sati uku lokacina ya cika, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, maigida yana kasuwar ƙauye. Ungozoma ta shigo ta ce ina kaya, ban iya magana ba, da yatsa na nuna mata. Har yau in na ɗaga goshina daga sujada sai na sa Goggo Yalwa a addu'a, da matar nan da ban san sunanta ba. Gaskiyar masu iya magana ne da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.