Muryar Da Bagyo Ya Gyara

Shekara shida Ratih ta yi tana saita muryar na'urar da ke karanta mata littafi, tun da ta makance, har ta kai saurin da ita kaɗai ke ganewa. Ranar da saurayinta Bagyo ya zo da zoben baiko, ta kunna na'urar, sai ta ji muryar tana jan magana kamar mai lallashin yaro.

"Ni na rage saurin, Dik," in ji shi, yana kiranta ƙanwa a yarensu. "Tausayi kika ba ni."

"Ka tambaye ni, Mas?" in ji ta, ita ma tana kiransa yaya a yaren.

Ya kalli zoben da ke tafin hannunsa.

Ta lalubo hannunsa, ta dunƙule masa yatsu a kan zoben.

"Yau muryar ka gyara. In na shiga gidanka, saura ni."