Fuskar da Maigida Bai Sani Ba

A tsakiyar falo, mai zanen ya yaye ƙyallen da ya rufe hoton uwargida.

Ranta ya ɓaci. Duk sanyin birnin Bukarest ta shanye shi a kan kujerar mutumin nan ba motsi yana zana ta, ashe sakayyar ke nan: rabin fuska kore, haɓa kamar bakin gatari, idanu suna ci kamar garwashi. Matan da aka gayyato suka ɓoye dariya a bayan kofunan gahawa.

Mijinta, babban lauya, ya doka sandarsa a ƙasa. "Malam, matata na ce ka zana, ba mayya ba! Wannan sabon yayin naku na Paris, ku riƙe abinku. Tun da na aure ta ban taɓa ganin ta ɗaure fuska ba. Uwargida, gaya masa!"

Ta buɗe baki za ta ce haka ne, kamar kullum. Sai ta sake duban zanen, ta gane fuskar da madubi ke nuna mata duk safiya bayan ya fita.

"Rataya shi a ɗakin cin abinci," ta ce wa mai zanen. "Ya fuskanci kujerar maigida."