Malamin da ke Saman Benena

"Ki kore shi kafin Lahadi, Iya, ko ki daina taka coci," in ji Fada, yana kaɗa littafin a kan tukunyar kabejina.

Malamin da na ba ɗaki yake nufi, wanda ya rubuta littafin. Duk birnin Antwerp cewa ake maye ne, don yana da baƙin kare, yana kuma rubutu da Latin, harshen da ba a koya wa mata. Na sha kasa kunne a ƙofarsa, tari kawai nake ji.

"Zan kore shi, Fada. Amma gaya min abin da ya rubuta, in san irin fushin da zan yi."

Ya buɗe yana huci. "Wai mace ta fi namiji. Wai shi da laka aka yi shi, ita kuwa da ƙashi mai rai."

"Ji ɗan banza. Sai me kuma? Ɗaga murya, kunnena ya tsufa."

Ya ɗaga. Shafi bayan shafi yake juyawa zuwa harshenmu, sai da matar mai burodi ta ce, "A maimaita wajen lakar nan," sannan ya waiwaya. Tagata cike da mata masu fararen kallabi, har masu kifi sun baro tallansu.

Shekara da shekaru littafin nan yana kwance, ba macen da ta ji abin da ke ciki sai yau, daga bakin Fada.

Na ce, "Malam dai yana nan. Saura shafi nawa?"

Fada ya fita, ya banko ƙofa.