Yatsu Biyu a Gidan Casar Shinkafa

Tunda ka ce har yau ba ka san matsayinka a wurin aikinka ba, gyara zama in ba ka wani misali.

A wani gari na bakin fadama an yi wani mutum mai aiki a gidan casar shinkafa. Ya shiga aikin yana saurayi, har furfura ta fara leƙo masa a gemu. Shi ke tayar da inji da sassafe, shi ke kashe shi, ya shaƙi ƙaiƙayi har 'yan unguwa kan gane shi da tarinsa tun kafin ya yi sallama. Lokacin tashi daga aiki kuwa ba shi da shi. In mota ta iso da buhuna bayan la'asar, sai maigida ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ai kai ɗan gida ne, ɗan gida ba ya duba agogo." Ranar Juma'a ma daga masallaci sai bakin inji. Shi kuwa maganar takan yi masa daɗi, ya ƙara zage damtse.

Ran nan da kaka, aiki ya yi yawa, gajiya ta ci ƙarfinsa, sai bel ɗin inji ya fizgi hannunsa na dama ya tafi da yatsu biyu. Yana kwance a asibiti matarsa ta je wurin maigida a kan batun magani. Ko kallonta bai yi ba ya ce, "Ni ban taɓa ɗaukarsa aiki ba. Ɗan ƙwadago ne, shi ke kawo kansa kullum." Da ta dawo ta faɗa wa mijinta, sai ya juya fuskarsa wajen bango. Maganar ta fi raunin yi masa zafi.

Da aka sallame shi bai tsaya jinya a gida ba. Ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidan casar, ya ɗora naɗaɗɗen hannun a kan gwiwa. Abokan aikinsa suna isowa, kowa ya dubi hannun, ya dubi nasa. Ya gaya musu abin da aka ce, sannan ya ƙara da cewa, "Tunda mu ke kawo kanmu, ni dai yau ban kawo kaina ba." Mai jiƙa shinkafa ne ya fara cire takalmi ya zauna, saura suka bi, har tabarma ta yi kaɗan.

Maigida ya iso ya tarar da inji shiru, ga shinkafa jiƙe tana jiran turarawa. Ya yi lallashi bai ci ba, ya koma barazanar kora. Mutumin ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, wanda ba a ɗauka ba, ta ina za a kore shi? Zaɓi ɗaya a gaban jama'a. In mu ma'aikatanka ne, ga hannuna. In ba mu ba ne, ga injinka." Maigida ya aika tasha a kawo sababbin 'yan ƙwadago. Suka zo, suka ga hannun, suka ji labari, suka juya. Shinkafa ta yi tsami, warinta har bakin titi, masu kaya suka fara kwashe buhunansu zuwa wani injin. Gidan mutumin ma tukunya ta fara yin sanyi, matarsa ta sayar da akuyarta, amma bai naɗe tabarmar ba.

Ƙarshenta maigida da ƙafarsa ya je ya ɗauko mai unguwa. A gabansa ya ɗauki nauyin magani, ya yanka lokacin tashi da ranar hutu, ya ba kowa takardar shaidar cewa ma'aikacinsa ne. Yatsun dai ba su dawo ba, da uku mutumin ya koyi cin tuwo. Amma ya koma bakin injinsa kansa a ɗage, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake jin ciwo a gidan aka ce ba a san shi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.