Bel Ɗin Da Bai Kama Ba

Mai aski ne, amma rabin hankalinsa ba ya shago. Da zarar ya sallami wanda ke kan kujera, sai ya zaro waya ya hau kallon motoci suna hawa tudun rairayi suna gangarowa. Har abokan cinikinsa suka laƙaba masa Direban Waya. Yakan yi dariya ya ce, "Ku dai jira, da idonku za ku gani."

Ranar kuwa ta zo. Wani dillali ya kai shi bayan gareji, ya nuna masa tsohuwar jif mai jan ƙafa huɗu. Fentin ya koɗe, kujerun sun sha jiki, amma injin na tashi da bugu ɗaya, farashin kuma daidai ƙarfinsa. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya daddanna tayoyi. Aibi ɗaya ya gani: bel ɗin kujerar mai zaman banza ba ya kamawa. Ka tura ƙarfen cikin makamarsa, ya dawo maka.

"Wannan ma abin magana ne?" in ji dillalin. "Mota ka zo saye ko bel? A tsakiyar sahara wane ɗan sanda ne zai tare ka?"

Suka kwashe da dariya, mai aski ya karɓi makulli.

Nan da nan jif ta sha kwalliya. Ya jera mata manyan fitilu a rufi, ya sa lasifika mai girgiza layi, ya manna hoton raƙumi a gilashin baya. Bel kuwa kullum sai gobe.

Matarsa tela ce. Kekenta irin mai takawa da ƙafa ne, ƙararsa ce ke tashin gidan kowace safiya, kuma da shi take ɗinka wa yaransu kayan makaranta. Ranar da ya fara ɗaukar ta, ta yi ta fama da bel ɗin.

"Baban yara, abin nan fa ya ƙi shiga."

"Rataya shi a kafaɗa, ki danne bakin da cinya. Haka kowa ke yi. Daga waje kamar a ɗaure yake."

"To in mota ta faɗi, cinyar tawa ce za ta riƙe ni?"

"Haba, ki daina yi mana mugun baki. Gobe zan kai a gyara."

Ta harare shi tana murmushi, ta danne bel ɗin kamar yadda ya ce.

Da ya shiga ajin masu koyon tuƙin sahara, ya matsa mata sai ta raka shi fita ta farko, don ta ga Direban Waya ya zama direban gaske. A bakin rairayi malamin tuƙi ya sa kowa ya rage iskar taya, sannan ya ja musu kunne: "In mota ta kasa hawa tudu, kada wanda ya juya ta gefe. Ka sa ribas, ka dawo a miƙe."

Daga nan ya bi motocin ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa. "Kowa ya ɗaura bel?"

Matar ta dubi mijinta. Ya ƙifta mata ido. Ba ta son ta kunyata shi a gaban mutane, sai ta ƙara danne bakin bel ɗin da cinya. Malamin ya ga bel a ƙirjinta, ya wuce.

Ƙananan tudu sun zo da sauƙi, har tana tafa masa. A babban tudun ne jif ta yi nishi, ta tsaya dab da ƙoli. Duk abin da malamin ya faɗa ya ɓace masa, ya murɗa sitiyari gefe. Motar ta karkata a hankali, sannan ta wuntsila.

Ba gudu yake yi ba, ba wata mota ya kara wa ba. Da ƙura ta lafa, ya sami kansa rataye a bel ɗinsa, ko ƙwarzane babu. Kujerar gefensa kuwa babu kowa. Matarsa na kwance can a rairayi, idonta a buɗe.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ba na jin ƙafafuna."

A asibiti likita bai ɓoye masa komai ba. Ƙashin baya ya taɓu. Za ta rayu, amma tafiya sai wani ikon Allah.

Yanzu gidan shiru yake wayewa. An lulluɓe keken ɗinki da zane a lungun ɗaki, rigar 'yarsu da ba a ƙarasa ba tana nan ƙarƙashin allura. Matar ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, kuma wannan shirun nata ya fi komai ci masa rai.

Ranar da masu sayen ƙarafa za su ja motar, ya shiga kwashe tarkacensa. Idonsa ya sauka kan makamar bel ɗin. Ya zura makulli ciki ya ɗan tona. Wata 'yar tsakuwa ta faɗo, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya ɗauko ƙarfen bel ɗin ya tura.

Ƙyas! Ya kama.

Nan ya kifa kai a kan kujerar ya fashe da kuka.

Jama'a, sayen tsohuwar mota ba laifi ba ne, kowa da ƙarfinsa. Amma ku gyara abin da ke tsare rai kafin abin da ke burge ido. Bel ba don ɗan sanda aka yi shi ba, don wanda ke zaune kusa da ku aka yi shi.