Ɗakin Maikano Mai Taya Goma Sha Takwas

Maikano na tuƙi yana rera waƙa, yana dukan sitiyari kamar kalangu, ko ƙarar injin ba ya ji. Yau ce fitarsa ta farko da sabuwar tirela, a bazarar 1985. Ɗakin kwanan da aka ƙera masa a bayan kujerar direba kuwa, sai wanda ya gani: ga gado, ga firji, ga wurin shimfiɗa sallaya. Kwanan takura ya ƙare!

Jiya har Goggo Daso, ƙanwar babansa da ta zo ziyara daga Kano, ta leƙa ciki. Kai kawai ta girgiza.

Illar ɗakin ɗaya ce, nauyi. Shi ya sa ya auna lodin kujerun da ya ɗauko daga garin Greensboro daidai wa daida.

A tashar awon motoci, ma'aikacin ya dubi sikeli ya ce, "Ka wuce ƙa'ida. Ka rage kaya ko ka kwana nan."

Maikano ya rantse bai ƙara ko allura ba. Ya juya ya yaye labulen ɗakin.

Kwanukan samira ne reras har sama. Ga turmi, ga buhun shinkafa biyu. Goggo na zaune a kan gado tana gyara ɗankwali, tashinta daga barci ke nan.

"Goggo!"

"Ɗaki ba jere, ɗan nan? So kake a yi da mu a gari?"

"An ce sai na rage nauyi!"

Ta dubi kwanukanta, ta dubi tumbinsa.

"To sauka mana."