Maza a Benci Suke Jira

Maigida bai so ya miƙa fasfo ɗin ba. Hannunsa ya daɗe cikin aljihun gaban rigarsa kafin ya zaro su, na matarsa da na yara biyu, ɗaure da roba. Nas ɗin da ke bakin ɗakin allura ta tsaya da tafin hannu a buɗe. Takunkumi ya rufe mata fuska har ƙarƙashin ido.

"Dole sai da su, Alhaji," in ji ta. "Lambar fasfo ake rubutawa a katin rigakafi. Har na uwar, tunda ita za ta sa hannu."

Jin Hausa a bakinta a ƙasar mutane ya ɗan sanyaya masa rai. Ya miƙa, amma idonsa na kansu har suka shige aljihunta.

Shi fa mutum ne mai kaffa-kaffa da iyalinsa, kowa ya shaida. Makullin gida a hannunsa yake. Wayar matarsa ma shi ke ajiye mata, don duniyar nan ta lalace, ba kowa ake bari ya kira matar mutum ba. Da ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, cewa ya yi ƙafarsa ƙafarsu. Bai taɓa kwana nesa da 'ya'yansa ba, ba kuma yanzu zai fara ba.

Allurar rigakafi ce ta tsaya masa a wuya. In babu katinta, ba mai barin yaro ya hau jirgi, a garinsu kuwa kullum sai a ce ta ƙare, a dawo wani mako. Matarsa, wadda sai ta wuni ba ta ce uffan ba, ita ta kawo shawara. Wai a bakin wata maƙwabciya ta ji akwai asibiti a tsallaken iyaka, nan take ake yi, katinsu kuma ba inda ba a karɓarsa. Ya bincika da kansa, ya tarar gaskiya ne. Suka ɗauko hanya a motarsa, ita da wata ƙatuwar jaka. Tafiyar wuni guda! Har ya yi mata tsiya, ya ce mata dai ba sa rabo da kaya.

Yanzu ga shi ya ɗaga ƙafa zai bi su ciki, nas ta tare ƙofa.

"Maza a benci suke jira. Akwai masu shayarwa a ciki."

Ya so ya yi gardama, sai ya ga maza jere a benci, kowa ya natsu. Ya kai hannu zai shafa kan 'yar farinsa, yarinyar ta ƙanƙame jiki ta sunkuya. Tsoron allura dai, Allah sarki. Matarsa ta saɓi Auta da hannun hagu, don na daman bai koma daidai ba tun faɗuwar da ta yi a banɗaki. Ba ta waiwayo ba. Ƙofa ta rufe.

Ya zauna. Wurin na warin maganin goge ƙasa, fanka na juyawa da ƙyar tana ƙara. Yara na shiga da dariya, suna fitowa da hawaye da auduga manne a damtse. Matar da ta shiga bayan iyalinsa ta fito. Ta bayanta ma ta fito.

A nan ne wani abu ya faɗo masa a rai. Bai ji kukan Auta ba. Auta, da ko ƙuda ya sauka masa sai unguwa ta sani! Duk kukan da ya fito daga ɗakin nan ya saurara, babu na ɗansa.

Labaran da ake bayarwa suka riƙa dawo masa ɗaya bayan ɗaya, na yaran da ake shiga da su asibiti a baƙuwar ƙasa, shi ke nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Wa ya sani a nan? Wa ya san shi? Ga matarsa ba wayo, ba waya, ko sunan titin ba ta sani ba. Shi da hannunsa ya miƙa fasfo ga wadda ko fuskarta bai gani ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

Ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya sake, da ƙarfi. Sai ya sa kafaɗa ya banka ƙofar.

Ɗan ƙaramin ɗaki ne: firji, tebur, kujera, kwandon zuba allurai. A bayan labule akwai wata ƙofar, a buɗe, tana kallon wani lungu da ba kowa a ciki sai ragowar hayaƙin mota. Nas ɗin ce kaɗai, tana wanke hannu a natse.

"Ina 'ya'yana? Jama'a, an sace min iyali!"

Masu gadi biyu suka shigo da gudu. Maimakon su yi kan nas, sai suka riƙe shi ta baya.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji," in ji ta, tana goge hannu. "An yi musu allura, katinsu ya fita. Yanzu ba filin jirgin da za a tare su."

Ta sa yatsa ta sauke takunkumin, ta dube shi ido cikin ido.

"Ashe ba ka gane ni ba? Ni ce yayarta, wadda ka kora daga ƙofar gidanka, ka rantse ba zan ƙara ganin ƙanwata ba sai a cikin likkafani."